Kakar ACC ta 2022: Duke da ba a ci su a lig ba ko Syracuse da ta kwashe kofuna?

Ɗan Bronx:
Salam jama'a. Kullum gidan nan daga Firimiya sai Laliga, yau dai ku ba ni aron kunne in kawo muku wata gardama daga ƙwallon jami'o'in Amurka, ta maza. Akwai rukunin makarantu da ake ce wa ACC, na gabashin ƙasar, a 2022 jami'o'i 12 ne ke buga ƙwallon maza a cikinsa, an raba su gida biyu shida-shida, Atlantic da Coastal. Kowa wasa 8 yake bugawa na lig. Duke ta gama ba a ci ta ko sau ɗaya ba, ta ci 5 ta yi canjaras 3, ita ce ta fi kowa maki. Syracuse ta ci 5, canjaras 2, an ci ta 1. To amma da shekara ta ƙare Syracuse ce ta ɗau kofin ACC ta kuma ɗau na ƙasa baki ɗaya, Duke ko sai dai labari. Ni a wurina Syracuse ce gwanar wannan kakar ba tantama, amma na san akwai masu ja, bismillah.

Sadiq Gunners:
Lig ɗin wasa 8?? Haba oga, ai wannan kofin unguwa ne na hutun sallah 😂

Ɗan Bronx:
Sadiq ɗan Arsenal ai bai kamata ya raina wanda ya gama kaka ba a ci shi ba, da shi kuke cin abinci tun 2004

Sadiq Gunners:
Mu 38 muka buga malam, kar ka haɗa

Malam Iro Zariya:
A'a ku tsaya, maganar Sadiq ba wasa ba ce duk da cikin raha ya faɗe ta. Ƙungiya 12 ne, in za a yi adalci kowa sai ya gamu da 11 ko da sau ɗaya ne. Wasa 8 yana nufin akwai ƙungiya uku da ba ka haɗu da su ba sam. To ta yaya za a ce wane ya fi wane maki alhali ba jarrabawa ɗaya suka zauna ba? Ɗan Bronx ka ba mu amsa, su Duke da Syracuse ɗin ma sun haɗu kuwa a shekarar?

Ɗan Bronx:
Malam Iro ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ba su haɗu ba, ko sau ɗaya, ba a lig ba ba a kofi ba. Yadda tsarin yake a 2022 shi ne ka buga da biyar na gidanku sannan a haɗa ka da uku daga ɗaya gidan, sauran wasannin kakar kuma da makarantun da ba na ACC ba ne. Dalilin ƙarancin kuwa lokaci ne, ana farawa ƙarshen Agusta, ƙarshen Oktoba an gama lig, tsakiyar Disamba an rufe komai, saboda yaran ɗalibai ne kuma zango ɗaya kawai aka ware wa ƙwallon. Shi ya sa su kansu Amurkawan ba sa ɗaukar teburin lig a matsayin hukunci na ƙarshe, sai an zo an yi sili-ɗaya-ƙwale a Nuwamba, a 2022 duk 12 ɗin suka shiga, wanda ya ɗauka shi ne ke samun tikitin kai tsaye zuwa gasar ƙasa mai ƙungiya 48 ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka.

Alhassan Kumasi:
Ni dai Duke nake, kuma ba zan ɓoye dalili ba, Shakur Mohammed yaron Kumasi ne. Shi aka ba gwarzon ɗan gaba na ACC a shekarar, abokinsa Peter Stroud ya ɗau na ɗan tsakiya. Ƙungiya ta yi wata biyu da ɗori ba wanda ya kai ta ƙasa, sannan a ce dare ɗaya ya share duk wannan? Ba adalci wallahi. Da a Turai ne da tuni an ba su kofi an yi fareti.

Koci Garba:
Alhassan daren da kake magana wa ya ci su?

Alhassan Kumasi:
Clemson, 2-0, a gidan Duke ɗin ma, kwata-fainal

Koci Garba:
Yawwa. Ita Clemson ɗin ta nawa ta shigo?

Ɗan Bronx:
Ta 8 koci. Wasa 3 kacal ta ci a lig, aka ci ta 4. Amma kar a manta ita ce mai riƙe da kofin ƙasa na 2021, ta ci Washington 2-0 a fainal, kuma farkon kakar 2022 ita ce lamba ɗaya a ƙasar. Ta yi tangal-tangal ne a tsakiya ta faɗo ta 8, sai Duke da ta yi ta ɗaya ta ga sakamakon ƙoƙarinta shi ne a haɗa ta da zakaran bara. Clemson ta cire su, ta wuce ta cire Wake Forest, sai fainal.

Koci Garba:
To ni a nan nake rabuwa da Alhassan. Ni da nake tara yara a fili kullum da yamma na san bambancin ƙungiyar da ba ta son a ci ta da ƙungiyar da take son ta ci. Canjaras ba laifi ba ne amma ba ya kawo kofi. Ranar da aka ce dole sai wani ya fita, ranar ake gane wa ke da zuciya. Kuma ai ba sau ɗaya aka gwada Duke ba ko? Na ji an ce a gasar ƙasar ma a gida aka fitar da su.

Ɗan Bronx:
Haka ne, Creighton ta ci su 3-2 a kwata-fainal. Wato wasa biyu tak aka ci Duke a duk shekarar kuma kowanne da kofi ya tafi. Abin da zai ƙara wa Alhassan ciwo, wannan Clemson da ta cire su Syracuse ta ci ta sau biyu, 2-1 a gidan Clemson a Satumba lokacin tana lamba ɗaya, sannan 2-0 a fainal ɗin ACC ranar 13 ga Nuwamba a garin Cary, Boselli da Leibold suka ci. Wannan Creighton ɗin kuma Syracuse ta ci ta 3-2 a sami-fainal ɗin gasar ƙasa. Duk wanda ya mari Duke sai da Syracuse ta rama mata, me kuma ake nema?

Alhassan Kumasi:
Wannan lissafin 'yan mahawarar shayi ne. A ta ci B, B ta ci C, ba ya aiki a ƙwallo kai ma ka sani

Malam Iro Zariya:
Gaskiyar Alhassan ce a nan kam, in da haka ake yi ai Cornell ma sai ta ce ita ce zakara tunda na ga ta ci Syracuse a Oktoba

Ɗan Bronx:
Ta ci ta 2-1 malam, ba musu. Virginia ma ta ci ta 1-0. Su biyun nan ne kaɗai suka ci Syracuse a shekarar, 19 ta ci, canjaras 4. To amma duba abin da ya biyo baya, an sake haɗuwa da Virginia a sami-fainal ɗin ACC aka tashi 2-2 Syracuse ta wuce da fenariti, an sake haɗuwa da Cornell a gasar ƙasa ta ci ta 1-0. Ba wanda ya tafi da bashinta. Wannan fa ƙungiyar da a 2021 ta ci 8 aka ci ta 8 ce, ba wanda ya sa ta a lissafi kafin a fara.

Sadiq Gunners:
To me ya canza a shekara ɗaya, ko sun samu Balarabe mai kuɗi ne

Ɗan Bronx:
Ba a sayen ɗan wasa a can Sadiq, amma ɗalibi yana iya canza makaranta, kuma nan kocinsu Ian McIntyre ya yi wayo, Bature ne ɗan Ingila tun 2010 yake wurin. Ya ɗauko 'yan gaba biyu. Levonte Johnson ɗan Kanada daga jami'ar Seattle, da Nathan Opoku daga wata ƙaramar kwaleji a Kentucky, Lindsey Wilson, wadda ba ma a ƙarƙashin NCAA take ba. Kowannensu ya ci ƙwallo 11. Alhassan ina fata ka lura, Opoku ɗan Ghana ne shi ma, ka bar naka mai kofi ka bi naka mara kofi.

Alhassan Kumasi:
Na san shi mana, amma kowa da garinsu 😅 kuma a diraf ɗin MLS, inda ƙungiyoyin lig ɗin ƙwararru na Amurka ke zaɓen 'yan wasan jami'a bi da bi, wa aka fara kira a cikinsu? Shakur lamba 2, Orlando City

Ɗan Bronx:
Opoku bai tsaya MLS ba ai, Leicester ta ɗauke shi a Janairun 2023 ta ba da shi aro OH Leuven ta Beljiyam

Abdou Damagaram:
Sannunku da hira. Ni tambaya gare ni, na taɓa kunna wasan jami'a ɗaya a YouTube na ga agogo yana komawa baya, daga 45 zuwa sifili, na ɗauka wayata ce ta samu matsala. Mene ne haka?

Ɗan Bronx:
Ba wayarka ba ce Abdou, dokarsu ce. Agogo baya yake yi kamar na ƙwallon kwando, in an ci ƙwallo ko an ba da kati ko wani ya ji ciwo alƙali ya ɗaga hannu ya giciye su sama a tsayar da shi, babu wani ƙarin lokaci na raunin da muka sani. In saura daƙiƙa goma mai lasifika ya fara ƙirgawa 'yan kallo su kama masa, goma tara takwas, za ka ga gola ya baro raga da gudu, 'yan baya suna ta dako ƙwallo sama kawai, ana kai sifili ƙaho ya tashi ko da ƙwallon tana iska kan hanyar shiga raga ta zama banza. Sannan canji, a 2022 ba iyaka, kuma wanda ka cire yana iya dawowa sau ɗaya a zagaye na biyu. Kuma a shekarar ne aka soke ƙarin lokaci a wasannin da ba na kofi ba, minti 90 in an yi kunnen doki kowa ya kama gabansa, wannan ma yana cikin abin da ya sa canjaras ɗin Duke ya yi yawa.

Koci Garba:
Kai, wannan dokar canjin ita ce ba ta kwanta min ba. Yaro ya san in ya gaji za a cire shi ya huta ya dawo, to yaushe zai koyi raba numfashinsa a minti 90? Sai ya yi ta gudu kamar an koro shi, wasan ya zama na ƙarfi da tsere, mai dabara a tsakiya ba ya samun sakan biyu ya ɗaga kai. Ga wasa biyu a sati ba hutu ba isasshen atisaye. Ni a ganina shi ya sa ƙungiya mai dogon benci take cin riba a irin wannan gasar ko da sha ɗayanta na farko ba su fi ba.

Ɗan Bronx:
Su kansu kociyoyin sun daɗe suna wannan kukan koci. Sasho Cirovski na Maryland ya yi shekaru yana neman a baza kakar ta ci zango biyu, kaka da bazara, a rage cunkoso. Dokar dawowa bayan canji kam an cire ta a babban rukunin maza daga 2024.

Anti Bilki:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ni duk wannan kofin ba shi ne damuwata ba, ɗan yayata ne ya ishe mu da zancen zai tafi Amurka da ƙwallo, har wani mutum ya zo gida da jaka da takardu wai shi ejan ne zai samo masa sikolashif, aka haɗa masa kuɗi ya ce na fom ne da na bidiyo, tun daga ranar lambarsa ba ta shiga. To ina son in ji daga bakin wanda ke can, hanyar nan da gaske akwai ta ko duk ƙarya ce?

Ɗan Bronx:
Anti Allah ya mayar da alheri. Hanyar akwai ta amma ba ta biyo ta jakar kowa ba. Kocin makaranta da kansa yake ɗaukar yaro, kuma dole sai yaron yana da takardun sakandare masu kyau da Turancin da zai iya zama aji, akwai ofishin NCAA da ke tantance sakamako da kuma ko yaro ya taɓa sa hannu a kwantiragin ƙwararru. Sannan kuɗin ba yawa gare shi ba yadda ake zato, a 2022 doka ta ce ƙungiyar maza kar ta wuce sikolashif 9.9, a kan yara kusan talatin, sai a yi ta gutsuttsura shi, wannan rabi wancan kwata, kaɗan ne ke samun cikakke. Wasu daga cikin 'yan Afirkan da kike gani ta makarantun kwana na Amurka suka bi tukuna, kamar Ema Twumasi da ya fito daga Right to Dream ta Ghana ya yi sakandare a can sannan Wake Forest, ko Edward Opoku da ya je Virginia. In yaron yana karatu a ce ya riƙe shi da kyau, shi ne rabin tikitin.

Anti Bilki:
Karatun ne fa ba ya so ɗana

Malam Iro Zariya:
To hajiya an gama magana ai 😂

Baban Nana:
Ina ta karanta ku tun ɗazu. Ku yaran yanzu kuna ganin kamar jiya aka fara, alhali Clemson ɗin nan da kuke ambata da 'yan Najeriya ta yi suna tun shekarun 1970. Kocinsu I. M. Ibrahim, wanda ya riƙe ta daga 1967 zuwa 1994, shi ya riƙa ɗibar yaranmu, su Christian Nwokocha da Nnamdi Nwokocha da Godwin Ogbueze. Har biyu daga ciki, Obed Ariri da Donald Igwebuike, suka koma buga wa ƙwallon Amurka mai kwalkwali ƙafa, dukkansu sun yi Tampa Bay. A hannunsa Clemson ta ɗau kofin ƙasa a 1984 da 1987. A 2022 kuma ku duba, 'yan Senegal ne a wurin, Hamady Diop da aka fara kira a diraf ɗin nan da Alhassan ke taƙama da lamba 2, da Ousmane Sylla da ya zama gwarzon ƙasa a 2023. Ghana da Senegal sun gina makarantun ƙwallo masu haɗa boko, mu muna nan muna jiran mai jaka.

Koci Garba:
Baba wannan magana ta yi zafi amma ba ƙarya a ciki

Sadiq Gunners:
Ni fa har yanzu ban ga wani babban ɗan wasa da ya fito daga nan ba, duk sunayen nan yau na fara jin su

Ɗan Bronx:
Ka kalli Kanada a Qatar? Tajon Buchanan da Kamal Miller 'yan Syracuse ne, Alistair Johnston ɗan Wake Forest, yanzu haka ka san shi a Celtic. Buchanan har Inter ya kai. Jack Harrison da ya buga Leeds da Everton shi ma Wake Forest ya yi. Ban ce Laliga ba ce Sadiq, mafi yawansu digiri za su ɗauka su kama aikin ofis, amma ba kofin unguwa ba ne.

Abdou Damagaram:
To ba mu labarin fainal ɗin mana tunda kai ka gani

Ɗan Bronx:
Ranar 12 ga Disamba aka yi, a Cary, filin da suka ɗau kofin ACC wata ɗaya kafin nan. Kwana biyu ke nan da Maroko ta cire Fotugal, washegari Ajantina da Kuroshiya, to wa zai kula da wasu ɗalibai, a Najeriya ma sha biyun dare ne. Abokan karawar Indiana, mai kofin ƙasa 8, ita ta cire Pitt ta ACC a sami-fainal, ka ga ACC biyu ta kai cikin huɗun ƙarshe. Minti na 24 Opoku ya samu ƙwallo a bakin da'ira ya gyara ta ya lanƙwasa da hagu ta shige can kusurwar sama. Indiana ta farke ta hannun McDonald, ba a yi minti biyu ba Opoku ya sake shiga ya miƙa wa Curt Calov ya mayar 2-1. Aka riƙe haka har minti na 80 sai Herbert Endeley ya saki wata ta shiga, 2-2. Aka yi ƙarin minti 20 shiru. Fenariti kuma aka yi ta bugawa kamar ba za a gama ba, biyar-biyar ba ta raba ba, sai a zagaye na takwas gola Russell Shealy ya tare ta Goumballe, kyaftin Amferny Sinclair ɗan Kosta Rika ya taho ya buga ta shiga, 7-6. Kofin ƙasa na farko a tarihin makarantar.

Alhassan Kumasi:
Ka ji ko, fenariti a sami-fainal ɗin ACC, fenariti a fainal ɗin ƙasa. Da ƙafar mutum ɗaya ta zame da yanzu wani labarin kake ba mu. Sa'a ce

Koci Garba:
Alhassan gola ya tare fenariti ka ce sa'a? Ana koyon ta fa, ana nazarin inda kowa ke bugawa. Kuma kafin ka kai ga fenaritin fainal sai ka ci Penn da Cornell da Vermont da Creighton a jere, kowanne da tazarar ƙwallo ɗaya. Wanda ya tsallake irin wannan sau huɗu ba za a ce masa ɗan sa'a ba.

Malam Iro Zariya:
Ni matsayata ba ta canza ba, tsarin bai isa ya nuna wa ya fi ba, tunda ba su haɗu ba. Amma in dole sai na zaɓa to Syracuse, don ta ci gidanta na Atlantic, maki ɗaya ne tsakaninta da Duke a jimilla, ba wai ta lallaɓo daga ta 8 ba ne irin Clemson. Da Clemson ce ta ɗau kofin ACC ɗin da ni da Alhassan muna layi ɗaya.

Alhassan Kumasi:
Duke tun 1986 take jira, kocinsu John Kerr ma yana cikin 'yan wasan da suka ɗauko shi a lokacin. Zai zo in sha Allah

Ɗan Bronx:
Sai dai ka ƙara haƙuri mutumina, 2023 Clemson ce ta sake ɗauka, ta ci Notre Dame 2-1, ACC da ACC a fainal, shekara uku a jere kofin bai bar rukunin ba. Daga 2024 kuma an ƙaro Stanford da Cal da SMU, hanyar ta ƙara cunkushewa.

Abdou Damagaram:
Tsaya, Stanford ba a Kalifoniya take ba? Ka ce rukunin na gabas ne

Ɗan Bronx:
Kuɗin talabijin na ƙwallon kwalkwali ne ya jawo su Abdou, ba wanda ya tambayi 'yan ƙwallon ƙafa. Yanzu yaro zai tashi daga Kalifoniya ya yi awa biyar ko shida a jirgi ya buga wasa a Boston ya koma ya shiga aji.

Anti Bilki:
Ɗan Bronx don Allah in na turo maka sakamakon WAEC ɗin yaron ta inbos za ka duba min ko akwai abin da za a iya yi da shi?

Ɗan Bronx:
Turo anti, amma ki haɗo da na lissafi da Turanci, kar ya ɓoye miki su